Kar ka sayi wayar sauti, kebul ɗin da kake nema kyauta ne

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou nan Damagaram. Na samu RTL-SDR, ƙaramar na'urar kama rediyo da ake sokawa a USB, ina kama tashoshin FM da manhajar SDR#, ina so sautin ya shiga Audacity, manhajar naɗar sauti, in ga zanensa. Wani mai shago a kasuwar Dole ya ce in sayi waya mai kai biyu in haɗa ramin iyafis da na makirfo, ko in sayi ƙaramin katin sauti na USB. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, riƙe kuɗinka, ko ɗaya kar ka saya. Wayar nan tana aiki amma sautin sai ya fita daga kwamfuta ya sake dawowa, a hanya ya kwaso gunjin caja da na kuran, kuma ramin makirfo ba a yi shi don sauti mai ƙarfi haka ba, sai ka ga zane ya cika da datti kana zaton daga tashar ne. Mai nazarin sigina ba ya son haka sam.

Ka sauke VB-CABLE na kamfanin VB-Audio, manhaja ce da ke aikin kebul a cikin kwamfuta, tana kai sauti daga wata manhaja zuwa wata, kyauta ne, in ka ga dama ka ba su gudummawa. Ka saka shi da "Exécuter en tant qu'administrateur", ka kashe kwamfuta ka kunna. A SDR# wurin fitar sauti ka zaɓi CABLE Input, a Audacity wurin makirfo ka zaɓi CABLE Output. Nan ne mutane ke rikicewa don sunayen kamar a juye suke, amma haka ne daidai, ta Input sauti ke shiga ta Output ya fito. Ka sa saurin ɗaukar sauti (sample rate) na duka ɓangarorin a 48000 Hz, in ɗaya yana 44100 sautin kan yi ƙaraf-ƙaraf.

"Mixage stéréo" na Windows, wanda ke ɗaukar sautin da kwamfuta ke fitarwa, shi ma yana yi, sai dai komai yake kwashewa har ƙarar saƙon WhatsApp, shi ya sa ba na ba da shawararsa.

Tambaya: Na saka VB-CABLE zane yana motsi amma ba na jin komai, ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa lau, sautin ne ya bi kebul bai je lasifika ba. A saitin sauti na Windows shiga saitin CABLE Output, shafin "Écouter", ka danna "Écouter ce périphérique" ka zaɓi lasifikarka. Zai ɗan yi jinkiri kaɗan, ba ya taɓa zanen.