'Yar mesata ta ƙi cin abinci, me zan yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi 'yar mesa mai dunƙulewa a nan Riyad, mako biyu ke nan ba ta taɓa ɓera ba. Kwantar da hankalinka, sabuwar zuwa takan yi haka.

Ni dai ɗakinka nake zargi. Asalin wannan mesa ƙasashenmu ne, Ghana, Togo, Benin har Najeriya, inda take yini cikin rami mai ɗumi da laima. Riyad kuwa iskarta busasshiya ce, na'urar sanyaya ɗaki ta ƙara busar da ita. Nemi ma'aunin zafi: gefe ɗaya na akwatin da ka ajiye ta ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya tsaya wajen 26, laima kuma kusan kashi 60 cikin ɗari. Idan sanyi ya kama ta, ba ta iya narkar da abinci, shi ya sa take ƙi. Ka sa mata maɓoya matsattsiya a kowane gefe, da kwanon ruwa.

Don Allah ka daina ɗaukarta, har tsawon mako guda. Sannan da dare ka narkar da daskararren ɓera cikin ruwan ɗumi, wanda bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba, ka miƙa mata da hantsaki kana ɗan motsa shi. In ta ƙi, bari sai bayan kwana 5 zuwa 7. Kada ka bar mata ɓera mai rai, yana iya cizonta.

Duba idonta ma: in ya yi shuɗi-shuɗi, saɓa za ta yi, galibi ba ta ci sai ta gama. Amma in tana ramewa, ko numfashinta na ƙara, ko majina na fita a bakinta, garzaya wurin likitan dabbobi.