Ɗana mai galahanga yana yawan faɗuwa, ko mu kai shi hoton ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Anka nake rubutowa. Ɗana shekararsa 6, bara aka ce mana yana da galahanga. Ƙarancin maganarsa mun saba da shi, jikinsa ne ke damuna yanzu. Yana tafiya a kan yatsun ƙafa, yana tuntuɓe ko a fili, ba ya iya dunƙula lomar tuwo, alƙalami kuwa kamar zai karya shi. Babansa ya ce ganganci ne, uwar mijina ta ce shafar iska ce. Shin duk galahangar ce? Ko in sayar da akuyata mu tafi Sakkwato a yi masa hoton ƙwaƙwalwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima. Ki bar akuyarki a turke tukuna.

Abin da kika lissafa ba ganganci ba ne, kuma ina roƙon maigidanki ya daina yi wa yaron faɗa a kai. Mafi yawan yara masu galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, suna da irin wannan matsalar motsi, wasu kaɗan, wasu sosai. Tun 1943 da likita Leo Kanner ya fara bayyana lalurar a Amurka, bayan ya nazarci yara 11, ya lura da rashin daidaiton tafiyar wasunsu. Sai dai hankalin likitoci ya fi karkata ga magana da mu'amala, shi ya sa uwa kan fita asibiti ba wanda ya tambaye ta yadda yaro ke riƙe cokali. Wannan sakaci namu ne.

A bayan kai, wajen ƙeya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa da muke kira serebelom. Girmanta kamar kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Aikinta auna lokaci da ƙarfin motsi. Ki tuna ranar da kika sunkuci buta kina zaton cike take, ashe babu komai, hannunki ya yi sama da ita. Ƙwaƙwalwarki ce ta riga ta ƙiyasta nauyin kafin ki taɓa. Ko mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi, ba sa karo, domin kowacce jikinta ya san inda ta 'yar'uwarta za ta kasance kafin ta kai. Wannan ƙiyasin ne ke yi wa ɗanki gardama. Tsokarsa na iya zama lafiya lau, amma lissafin yana zuwa a makare ko ya zarce, sai ya matse alƙalami da ƙarfin da ya ishi ɗaga tulu, loma ta wargaje a hannunsa.

Tun shekarun 1980 likitoci Margaret Bauman da Thomas Kemper, da suka duba ƙwaƙwalwar masu galahanga bayan rasuwarsu, suka ga ƙarancin wasu manyan ƙwayoyi na serebelom da ake kira Purkinje. Daga baya an ga bambanci a gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, wadda ake buƙata duk lokacin da hannu biyu za su yi aiki tare, kamar ɓalle maɓalli ko ɗaure mazagi.

Binciken da ya fi yi mini amfani a aiki shi ne wanda aka yi a birnin Baltimore na Amurka a 2009. An sa yara su koyi sabon motsi da hannun wata na'ura, sai aka ga masu galahanga sun fi dogara da abin da gaɓoɓinsu ke ji, ba abin da idonsu ke gani ba. To kin ga, "kalle ni ka yi yadda na yi" ba za ta kai shi nesa ba. Ki zauna a bayansa, ki ɗora hannunki a kan nasa, ku dunƙula lomar tare, yau da gobe, sannan ki riƙa sassauta hannunki har ya zama yatsa ɗaya kawai kika aza a wuyan hannunsa. Ki naɗa wa alƙalamin tsumma ya yi kauri. Ki ba shi ƙulli ya murza, wake ya tsince daga faranti zuwa kwano, kina kusa kada ya kai baki ko hanci. Ya yi tafiya ba takalmi a kan rairayi, ya tura baro mai ɗan kaya. Minti goma kullum cikin wasa ya fi awa guda ranar Juma'a ana kuka.

Hoton ƙwaƙwalwa kuwa, wanda muke kira MRI, ba ya nuna galahanga. Bambance-bambancen da na ambata sai an kwatanta yara masu yawa ake ganinsu, hoton yaro ɗaya sau da yawa kan fito kamar na kowa. Ana yin sa ne idan akwai farfaɗiya, ko ɓari ɗaya na jiki ya fi rauni, ko yaro yana rasa abin da ya riga ya iya.

Tunda Anka kike, akwai gwajin da ya fi hoton muhimmanci a wurina. Kin san gubar dalma da ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma ƙara dagula motsi, balle ga yaron da ke cin ƙasa. In ana niƙa dutsen zinariya kusa da ku, a gwada jininsa. Ki kuma faɗa wa likita in ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi. Idan yana dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe daga ƙasa, a duba ciwon tsoka.

Addu'ar kakarsa a ci gaba da ita, amma ban da turare mai shaƙewa, ban da tsaga. Ku je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ku ga likitan yara, ku nemi a tura ku sashen gashin ƙashi. Kafin nan, in yana kwance, ki tallafi diddigensa ki tura tafin ƙafar sama a hankali. Idan ƙafar ta lanƙwasu ba wuya, jijiyar agara ba ta ɗaure ba. Idan ta ƙi, kada ki tilasta, ki ambata musu wannan da farko.