Agogon da ke Faɗin Lokaci da Baki

Tambaya: Malam, idon mahaifina ya raunana, ina so in haɗa masa agogon da zai riƙa faɗa masa lokaci da Hausa. Shin gaskiya ne a da akan buga waya don a ji ƙarfe nawa?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Gaskiya ne. An fara yin wannan hidima da na'ura mai magana a birnin Paris a 1933, Ingila ta biyo baya a 1936 da muryar wata ma'aikaciyar tarho da aka naɗa a faya-fayen gilashi, Faransa kuwa ta rufe tata a 2022.

Domin haɗa naka, ka nemi allon Arduino (wata ƙaramar kwamfuta da za ta sarrafa sauran kayan), da na'urar riƙe lokaci ta DS3231 wadda ƙaramin batirinta ke hana lissafi ɓacewa idan aka ɗauke wuta, da DFPlayer Mini (ƙaramar na'urar da ke kunna sautin da ke cikin katin memori), da lasifika. Ba sai ka naɗi kowane lokaci daban ba. Ka naɗi "ƙarfe", "da minti" da lambobi daga 1 zuwa 59 a katin memori, na'urar ta riƙa jera su idan an danna maɓalli. A ganina muryarka ta fi dacewa, domin ita Baba ya saba ji, kuma ka sa maɓallin ya zama babba yadda hannu zai lalubo shi cikin sauƙi.