Filin Tambayoyin Girki: Ruwan Tuffa Mai Zafi da Ƙonannen Sukari

Assalamu alaikum Anti. An ba mu wani abin sha mai zafi a gidan suna, na tuffa, yana ƙamshin kirfa da alewa. An ce mini asalinsa na Amurka ne. Yaya ake haɗa shi? Ba ni da injin matse 'ya'yan itace. Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya aka faɗa miki, a Amurka da Kanada ake yawan shan sa daga watan Satumba, lokacin girbin tuffa, har cikin tsananin sanyi. Rashin inji ba zai hana ki ba, dafa tuffar za ki yi.

Ki samu tuffa takwas madaidaita, wajen kilo ɗaya da rabi ke nan. Kada ki sayi iri ɗaya. Ki haɗa ja mai zaƙi guda biyar da koriya mai tsami guda uku, wadda ake kira Granny Smith. Idan duk ja ce, da kin zuba ƙonannen sukari zaƙin zai yi yawa ya gundure ki tun kafin ki kai rabin kofi. Ki wanke su da ruwan ɗumi sosai, domin ana shafa wa tuffar da ake shigowa da ita wani kaki don ta jima ba ta yanƙwane ba. Ki raba kowace gida huɗu, ki cire ƙwallayen da kara, amma ki bar ɓawon, a nan launi da ƙamshi suke.

Ki zuba a tukunya da ruwa lita biyu, sandar kirfa biyu masu tsawon yatsa, kanumfari ƙwaya huɗu, da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, a yanka ta fale-fale. Idan ya tafasa ki rage wuta, ki rufe, ya yi ta ɓararraka a hankali minti 45. Sai ki tsame kirfa da kanumfari, ki dama tuffar da muciya ko bayan ludayi har ta farfashe, ki ƙara mata minti 15 a buɗe. Ki fara tacewa da rariya, sannan ki sake da ƙyallen tatar koko mai tsabta. Za ki samu kusan lita ɗaya da rabi, kofi shida.

Ƙonannen sukarin kuwa, wanda ake ce wa karamel, a wata tukunya daban ake yin sa. Sukari kofi ɗaya, giram 200, da ruwa babban cokali huɗu da ɗigon lemon tsami rabin cokalin shayi. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta ki cire hannunki, kada ki juya. Zai narke, ya yi kumfa, ya tsaya fari na wasu mintuna, sannan gefe ya fara ja. Daga nan ki riƙa kaɗa tukunyar a hankali ta mariƙinta har duk ya koma launin zuma mai duhu. Ki sauke nan take, ki sa man shanu ko bota babban cokali biyu, sannan madarar ruwa ta gwangwani rabin kofi wadda kika riga kika ɗumama, kaɗan-kaɗan kina juyawa da cokali mai dogon hannu. Zai taso da ƙarfi yana tururi, ki ja fuskarki baya. A ƙarshe gishiri, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka.

Wajen sha, ki sa karamel babban cokali ɗaya ko ɗaya da rabi a gindin kofi, ki zuba ruwan tuffar mai zafi a kai, ki juya. Idan kina da gyaɗar ƙamshi ki goga 'yar kaɗan a sama.

Anti, sau biyu ina gwada ƙona sukarin. Na farko ya dunƙule ya koma gari-gari kamar yashi, na biyu ya yi baƙi yana ɗaci. Mene ne kuskurena? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Hajiya, matsala biyu ce daban-daban, kowace da dalilinta.

Wanda ya koma yashi, juyawa ce ta jawo. Narkakken sukari kullum yana neman hanyar komawa ƙwaya. Idan cokali ya fantsama shi a jikin tukunya, ruwan wurin ya bushe, ƙwaya ɗaya ta faɗo ciki, sai sauran duk su bi ta. Shi ya sa muka ce a cire hannu, shi ya sa kuma ake ɗiga lemon tsami, tsamin yana hana shi dunƙulewa. Wata dabarar ita ce ki rufe tukunyar minti biyu da zarar ya fara tafasa, tururin zai wanke abin da ya manne a gefe. Kuma idan ya riga ya dunƙule kada ki zubar. Ki ƙara ruwa babban cokali huɗu, ki mayar ƙaramar wuta ya narke, ki sake farawa.

Wanda ya yi baƙi shi ne ba shi da magani, ɗacinsa ba ya fita ko an tula madara. Sukari yana fara canza launi ne idan zafinsa ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos, launin da muke nema yana kusa da 170 zuwa 175, kuma tsakanin nan da ƙonewa bai fi daƙiƙu kaɗan ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne tukunya tana riƙe zafi, ko an sauke ta sukarin yana ci gaba da dahuwa. Don haka ki sauke tun launin bai kai inda kike so ba, kuma madararki da botarki su kasance a gefenki kafin ki kunna wuta. Duk wadda ta saba yin kantun riɗi ta san wannan gaɓar, hannu ɗaya ne.

Tukunyar ma tana da nata hannu a ciki. Mai siririn gindi tana ƙona wuri ɗaya ta bar sauran fari. Wadda cikinta baƙi ne kuma ba za ta bari ki ga launin ba. Ki nemi mai kaurin gindi, mai zurfi, wadda cikinta fari ne. Idan da gawayi kike girki, ki bari harshen wuta ya mutu, garwashi kawai, tunda ba a rage shi kamar gas.

Sai abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Kada ki yi wannan aikin da goyo a baya ko yara suna zagaye murhu, kada kuma ki ɗanɗana da yatsa. Idan ya zubo wa mutum, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana minti 20. Ba a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja. Idan ƙunar ta yi faɗi ko tana fuska, a tafi asibiti.

Na zuba karamel ɗin cikin tukunyar ruwan tuffa na bar shi ya tafasa, sai ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar awara. Ya lalace ne? Daga wata amarya a Kumasi.

Amarya, bai zama guba ba, kyan gani ne ya tafi. Kin kuma ambaci abin da ya faru da bakinki: yadda ruwan tsami ke kama madarar waken suya ta zama awara, haka tsamin tuffa ke kama madarar shanu, zafi kuma yana hanzarta shi. Saboda haka ba a tafasa su tare. A sauke ruwan tuffa, a bar shi minti biyu zuwa uku ya daina ɓararraka, sannan a haɗa a cikin kofi. Madara mai maiƙo ta fi jure tsami. Kirim mai kauri, wato maiƙon madara, ya fi kowace, sai madarar gwangwani. Madarar gari da aka dama da ruwa da yawa ita ce ta fi saurin tsinkewa.

Idan taro za ki yi wa, a filas za ki zuba, to ki bar madara gaba ɗaya. Bayan sukarin ya yi launin zuma ki sauke, ki zuba masa kofi ɗaya na ruwan tuffar mai zafi a hankali, ki mayar wuta har ya narke, ki juye a cikin sauran. Ga lita ɗaya da rabi, rabin kofin sukari ya isa. A ganinmu ma wannan ya fi fito da ɗanɗanon tuffar, kuma yana awanni a filas bai canza ba.

Na ga ana rubuta "cider" a wasu kwalaben ruwan tuffa, wani ya ce mini giya ce. Shin wannan abin shan ya halatta? Daga wani magidanci a Kano.

Malam, tambayarka tana kan hanya, domin kalmar tana da ma'ana biyu. A Amurka ana nufin ruwan tuffa da aka matse ba a tace shi tas ba, babu maye a ciki. A Ingila kuwa, da ƙasashe da dama, ana nufin ruwan tuffa da aka bari ya zama barasa. Don haka kada ka dogara da sunan, ka duba jikin kwalba ko an rubuta kason barasa. Wanda aka dafa a gida kamar yadda muka bayyana, tuffa ce da ruwa da sukari da kayan ƙamshi.

Amma a kula da ajiya. Duk ruwa mai zaƙi da aka bari a ɗaki mai zafi zai fara tsami yana kumfa, kamar yadda kunun zaƙi ke yi idan ya kwana. A sa shi a firji da zarar ya huce, a sha cikin kwana uku. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a dafa daidai na ranar. Karamel mai madara yana kai mako guda a kwalba mai murfi cikin firji, zai daskare, sai a tsoma kwalbar a ruwan zafi ya saki.

Garin kirfa nake da shi, ba sanda ba. Kuma zan iya sa mazarƙwaila maimakon sukari? Daga wata mai karatu a Gusau.

Garin kirfa ba ya narkewa, idan ya daɗe a ruwan zafi sai ya yi yauƙi ya kwanta a gindi. Ki ƙulle rabin cokalin shayi a ɗan ƙyalle mai tsabta ki jefa, ki cire bayan minti 20. Kanumfari ma kada ki wuce ƙwaya huɗu ko biyar, yawansa yana kashe harshe ya danne tuffar.

Mazarƙwaila tana yi, har tana ba da wani ƙamshin rake mai daɗi, sai dai ba a ƙona ta, domin tun asali tana da duhu ba za ki gane lokacin da ta wuce ba. Ki farfasa ta, ki narkar a ɗan ruwan zafi, ki tace saboda yashi, ki zuba.

Mahaifina yana da ciwon sukari kuma yana son abu mai zafi da safe. Zan iya ba shi idan na rage karamel? Daga wani matashi a Yamai.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙona sukari bai rage masa komai ba, sukari ne har yanzu, haka ma zuma da mazarƙwaila. Ruwan tuffar kansa, wanda aka matse zalla, kofi ɗaya yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi shida, kuma tacewa ta cire dusar da ke rage saurin shigarsa jini. Abin da ya fi masa shi ne a yanka rabin koriyar tuffa a dafa da sandar kirfa da citta a ruwa kofi biyu na minti 10, ya sha ba karamel, ba zaƙi. Kirfa a nan don ƙamshi take, ba ta maye gurbin maganinsa, kuma ka sanar da likitan da ke duba shi kafin ya mayar da shi abin shan kullum.