Filin Tambaya da Amsa: Yaushe Ake Ɗage Allurar Rigakafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ya cika wata 9, ranar da za a yi masa allurar ƙyanda sai ya tashi da mura da ɗan ɗumin jiki, surukata ta ce a bari sai ya warware. Shin akwai larurar da ke hana rigakafi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Mura, da tari mai sauƙi, da 'yar gudawa, da ɗumin jikin da bai hana yaro shan nono ba, duk ba sa hana allura, saboda haka ki kai shi. Haka ma bakwaini da yaro mai tamowa, domin su ne ƙyanda ta fi yi wa mugun kamu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗage allura saboda majina, daga nan sai a manta.

Wanda ake ɗage wa shi ne yaron da ciwo ya kwantar, mai zazzaɓi mai zafi, wanda ya yi laushi ya ƙi abinci. Da zarar ya samu sauƙi sai a ci gaba daga inda aka tsaya, ba a komawa farko. Idan an yi masa ƙarin jini, allurar ƙyanda takan jira wasu watanni.

Hanawa kuwa dalilanta kaɗan ne, amma masu nauyi. Yaron da fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya sarƙe jim kaɗan bayan wata allura, ba a sake yi masa irinta, kuma saboda irin wannan ne ake cewa a zauna minti 15 kafin a tafi gida. Sai rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana, kamar na ƙyanda, da zazzaɓin shawara, da BCG na tarin fuka, da ɗigon shan inna: ba a ba wanda garkuwar jikinsa ta faɗi sosai, misali mai karɓar maganin ciwon daji. Mai ciki ba a yi mata allurar ƙyanda. Ta zazzaɓin shawara kuma ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba.

Kafin a ɗaga hannun rigar ɗanki, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya magungunan da yake sha da abin da ya faru bayan allurar baya, kuma ki riƙe katinsa a hannu.