Amsa: Yadda ake gane tsiron Krameria a hamadar Sonora

Malam, ƙaramar bishiyar da ka ce ka gani a Arizona, mai rassa launin toka da furanni masu launin shanshanbale, ina kyautata zaton Krameria ce, wadda ke tsirowa a busassun yankunan Amurka da Meziko. Kada furen ya ruɗe ka, domin abin da ido ke ɗauka a matsayin ganyen fure ainihinsa kwanson furen ne, kuma biyu daga cikin ganyen furen na gaskiya sun rikiɗa sun koma wurin fitar da mai, wanda ƙudan zuma jinsin Centris ke kwasa don ciyar da 'ya'yansu.

A ganina, ɗan itacen ya fi furen ba da tabbaci: ƙwallo ne ƙarami da ƙaya ta lulluɓe. Idan ƙugiyoyin ƙayar suna can a tsininta kawai, kuma kwanson furen ya lanƙwashe baya, Krameria bicolor ce. Idan sun bazu a jikin ƙayar, Krameria erecta ce. Kada ka yi ƙoƙarin dasa ta a gida, saboda saiwarta tana manne wa saiwar tsirrai makwabta tana tsotsar ruwa daga gare su.