Horon kula da masu damuwa a lokeshan, ina ake samu?

Yaya, ka ce kai ke riƙe da yaran aiki a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, kuma wani mai ɗaukar sauti ya daina cin abinci, ya koma zaman shiru bayan mota, kana neman horon da zai sa ka iya taimaka masa.

Akwai shi kam. Ana ce masa taimakon farko na lafiyar ƙwaƙwalwa, a Ostireliya aka fara shi a 2000, kwas ne na kwana biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ma ta fitar da littafi kyauta kan irin wannan taimako a 2011, ginshiƙansa uku, ka lura, ka saurara, ka haɗa mutum da masu magani. Sauraron nan shi ya fi ba mu wuya wallahi, mu ƴan fim da an fara magana sai mu tsinke ta da "haba, kai da kake namiji".

Shi mai ɗaukar sautin, ja shi gefe bayan an tashi aiki, ba gaban ƴan wasa ba, kar ka yi masa wa'azi, kar kuma ka bari wani ya miƙa masa tramol wai ya warware. Horon ba ya mai da kai likita fa. In ya ambaci kashe kansa ko ya kwana uku bai runtsa ba, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano ranar.